Kafin Ku Yi Mafarkin Zanzibar, Ku San Gungun Kwara

Ƙannena, samari da 'yan matan Geza da sauran garuruwan ƙasar Bagudo, daga Illo da Lolo har Kaoje da Zagga da Tsamiya:

Waya ta kawo muku duniya har cikin zaure. Da kun taɓa ta sai ga tsibirai a tsakiyar teku: farin yashi, ruwa garai-garai, itatuwan kwakwa, tsuntsaye masu launi iri-iri, baƙi kwance a inuwa suna shan iska. Wannan Zanzibar ce, waccan Madagaska, ga kuma Sao Tome can kudu da gaɓar Najeriya. Na sha jin matasa suna cewa in Allah ya hore, can za su fara zuwa. Ban ga laifin wannan buri ba, don tafiya gadonmu ce. Tun kafin zuwan Turawa ayarin fatake daga Kano da Sakkwato da Jega suke ƙetare Kwara ta wajen Gaya da Illo da Yawuri, su ratsa ƙasar Borgu, su nufi Gwanja sayen goro. Jikan bafatake ba a hana shi sha'awar ganin ƙasa.

Abin da nake so ku riƙe shi ne wannan: halittun da baƙo ke biyan kuɗin jirgi don ya je ya gani a waɗancan tsibirai, sun rage ne saboda mutanen wurin sun san darajarsu sun ɗauke hannu daga kansu. Ku ma kuna da irin wannan dukiya a kogin da ya ratsa ƙasarku, tana kuwa raguwa a kan idonku. Wanda bai san ta gida ba, ko ya je Zanzibar hoto kaɗai zai dawo da shi.

Darasi daga tsibiran teku

Ruwa yakan killace tsibiri shekaru aru-aru, har dabbobi da itatuwan cikinsa su zama ba su da kama a ko'ina. Madagaska, wadda ita ce ta huɗu a girma cikin tsibiran duniya, ita ce babban misali. Kukar nan da muke miya da ganyenta nau'i 8 ce a duniya: ɗaya tamu ce ta nahiyar Afirka, ɗaya tana Ostireliya, sauran 6 kuwa sai a Madagaska. Kusa da garin Morondava akwai wata hanya da manyan kukoki suka jeru gefenta, mutane na tahowa daga Turai da Asiya don kawai su gan su da faɗuwar rana. Haka nan akwai wata dabba mai kama da biri, lemur, nau'i fiye da 100, wadda asalinta can ne kaɗai. Amma kukokin nan da ake ɗauka hoto saura ne na wani daji da aka sare aka yi gonaki. Daga shekarun 1950 zuwa yau tsibirin ya rasa kusan rabin dajinsa ga sassabe da ƙone-ƙone da gawayi, kuma mafi yawan nau'in lemur suna bakin ƙarewa.

A tsibirin Morishus abin ya riga ya faru. Ma'aikatan jirgin ruwa na Holan sun sauka can a 1598, suka tarar da wani ƙaton tsuntsu da ba ya tashi, ba ya kuma tsoron mutum, wanda Turawa suka kira dodo. Suka yi ta kamawa, aladu da ɓeraye da sauran dabbobin da jirage suka kawo suka yi ta cinye ƙwansa. Kafin 1700 babu ko ɗaya a doron ƙasa. Halitta in ta ƙare ta ƙare ke nan, babu kasuwar da ake sayo ta.

Akwai kuma inda aka farga da wuri. A dajin Jozani na Zanzibar akwai wani jan biri da ba su kai 6,000 ba a duniya duka. Da can manoma na kallonsa a matsayin maɓarnaci. Da aka mai da dajin gandun gwamnati a 2004, aka riƙa ba ƙauyukan kewaye kaso daga kuɗin da baƙi ke biya a ƙofa, sai birin ya samu masu tsaronsa cikin mutanen da suke korarsa jiya. A Misali, wani ɗan tsibiri kusa da Pemba, masunta Musulmi ne, kuma wasunsu sun daɗe suna kamun kifi da nakiya, suna rugurguza duwatsun murjani inda kifi ke hayayyafa. Dokar gwamnati ba ta hana su ba. Sai da aka zauna da limamai da malaman makarantun allo, aka riƙa bayyana wa jama'a cewa ɗan Adam amana aka ba shi a bayan ƙasa kuma za a tambaye shi, sannan da yawa suka ajiye nakiya. A Sao Tome kuwa, wasu daga cikin waɗanda suke farautar kunkurun teku da kwashe ƙwansa a da, su ne yanzu ake biya suna gadin yashin da yake haƙa ya yi ƙwai.

Ku lura, a duk wuraren nan uku mutanen gari ne suka yi aikin. Baƙo ya zo ne daga baya, da ya ji akwai abin gani.

Kogin da ke ƙofar gidanku

Kwara ba ƙaramin kogi ba ne. Tsawonsa ya kai kilomita 4,180, shi ne na uku a Afirka bayan Nilu da Kwango. Yana tasowa daga tsaunukan Gini, wajen kilomita 240 kacal daga teku, amma sai ya juya wa tekun baya ya nufi arewa har bakin hamada a Tambutu, ya karyo ta Gao da Yamai da Gaya, ya shigo Najeriya ta jihar Kebbi. Ku ne farkon 'yan Najeriya da ke shan ruwansa.

Wannan doguwar tafiya ce ta sa yake cika sau biyu a shekara. Akwai cikar damina, wajen Agusta zuwa Oktoba, ruwa mai laka daga ruwan saman da aka yi a nan kusa. Akwai kuma cika ta biyu a lokacin hunturu, alhali ko ɗigo ba a yi ba: ruwan Gini ne da ya yi watanni yana ratsa fadamun Mali, ya zubar da lakarsa a can, ya iso nan a tace. Tsakanin hawa da saukar nan ake samun gunguna da tuddan yashi. Idan ruwa ya janye, burugu ya fito kore shar, Fulani su ƙetarar da shanu, manoma su dasa shinkafa da albasa, Sarkawa su kafa tunga, tsuntsaye su yi ƙwai a kan rairayi. Wanda ya tsaya kan farin yashin Kwara da sassafe a watan Maris, ya ga abin da wasu ke ƙetare teku su nema.

Idan kuna ganin gungu ba a bakin komai yake ba, ku dubi abin da ya faru sama da ku kaɗan. Tun samun 'yancin kai a 1960 Nijar da Benin suke jayayya a kan tsibirin Lete, wanda makiyaya da manoma na ɓangarorin biyu ke amfani da shi. Sai da maganar ta kai Kotun Duniya a birnin Heg. A ranar 12 ga Yuli 2005 kotun ta raba tsibirai 25 da ke wannan yanki na kogin, ta ba Nijar 16 har da Lete, ta ba Benin 9. Ƙasashe biyu ba sa shafe shekara 45 suna ja-in-ja a kan abin banza.

Ƙasa da ku kuma akwai labarin rashi. Da aka kammala madatsar Kainji a 1968, ruwa ya shanye tsohuwar Busa da gunguna masu yawa na ƙasar Yawuri, aka tayar da mutane wajen 44,000, cikinsu har da Gungawa waɗanda kakanninsu suka yi zamansu a tsakiyar kogi. Ƙasa ta samu wutar lantarki, su kuma suka rasa gonaki da kushewun iyaye. Abin da ya rage a sama na tsibirin Foge, a 2008 aka shigar da shi cikin jerin dausayoyin da duniya ta amince a kiyaye ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar, saboda tsuntsayen ruwa da ke taruwa a wurin. Wato a tafkin da ke ƙasa da ku akwai tsibirin da masana na duniya suka san sunansa, alhali matasanmu da yawa ba su taɓa jin labarinsa ba.

Ƙetaren iyaka kuma, yamma da Malanville da Karimama, ga gandun dajin W, wanda aka kafa a 1954, ya ratsa Benin da Nijar da Burkina Faso. Shi da gandun Arli da na Penjari, UNESCO ta haɗa su wuri guda cikin kayan gadon duniya a 2017. Can ne garken giwaye mafi yawa a Afirka ta Yamma yake, can ne kuma mafi yawan zakunan da suka rage a wannan yanki suke, ga ɓauna da gwanki da kanki. Dajin nan ya fi kusa da ku a kan Kano.

Maƙwabtanku na cikin ruwa

Bari mu fara da dorina, don ita ce aka fi kuka da ita, kuma kukan gaskiya ne. Tana cin shinkafa, tana kifar da kwalekwale, ta kashe masunta a ƙasar Yawuri da wasu wurare. Wanda ya rasa ɗan'uwa ko gona ba a yi masa wa'azin son dabba. Amma ku san halinta. Da rana tana cikin ruwa, da dare take fitowa kiwo, takan ci ciyawa wajen kilo 40 kafin gari ya waye. Idan aka noma fadama har bakin ruwa ba a bar mata ko taki ɗaya ba, shinkafa za ta ci, don ita ta tarar. Kashinta kuwa abinci ne ga ƙananan halittun da kifi ke ci, shi ya sa gurbin da dorina ke kwana yakan yi kifi. A tsibirin Orango na Gini Bisau akwai dorinar da ke shiga ruwan gishiri, mutanen wurin suna girmama ta, baƙi na zuwa kallonta. Tamu ma irinta ce.

Ayu kuwa ba ya cutar kowa. Ciyawar ruwa yake ci, macen takan yi shekara guda da ciki, ta haifi ɗa ɗaya, ta shayar da shi, sai bayan shekara biyu ko uku ta sake haihuwa. Dabbar da ke haihuwa haka ba ta jure farauta. Ana kashe shi don nama da mai da camfe-camfen magani, alhali dokar Najeriya ta kare dabbobin da ke fuskantar ƙarewa, wadda aka yi tun 1985, ta haramta kama shi. Ku tambayi tsofaffin masunta yaushe rabon da su ga ayu, ku ji amsar da za su ba ku.

Sai kifi: giwan ruwa, yauni, bargi, tarwaɗa, ramboshi, kurungu, karfasa, tsage mai haƙora, minjirya mai kama hannu, talibambam mai kumbura, gaiwa da ke shige laka ta yi rani a ciki. Sai tsuntsaye: zalɓe, belbela, dinya, kirinjijiya, kwasakwasa, shamuwa mai zuwa da damina. Wasu ƙananan tsuntsayen da kuke gani a bakin ruwa da hunturu daga Turai suka taso, suka ƙetare Bahar Rum da Sahara don su ci abinci a fadamarku. Gauraka, wadda ake ɗauka a matsayin tsuntsuwar ƙasa ta Najeriya, yau da wuya a gan ta a daji. Ungulu da ta cika mahautanmu a da, tun 2015 masana suka sa ta cikin tsuntsayen da ke gab da ƙarewa, saboda guba da masu sayen kanta don tsibbu. Inda babu ungulu, mushe yakan daɗe yana ruɓa, karnuka da ƙudaje su yi ta yaɗa cuta.

Nasiha ta farko: ku koyi suna

Abin da ba ka san sunansa ba, ba ka lura da ranar da ya ɓace. Ku sami littafin rubutu, ku zauna da sarkin ruwa da tsofaffin Sarkawa da maharba da makiyaya, ku ce, "Baba, wannan kifin me ake ce masa, wane wata yake ƙwai, a ina yake kwana?" Ku tambayi iyayenku mata masu banda wane kifi ne ya yi ƙaranci a kasuwa. Ku rubuta da Hausa, ku ƙara da Zabarmanci da Dandanci da Fulatanci da Kyanganci in kun samu, don ƙasarku ta tara harsuna, kowane kuma da abin da ya gani. Wayar da kuke kallon Zanzibar da ita tana ɗaukar hoto da murya. Tsoho ɗaya in ya rasu ba a tambaye shi ba, ilimin shekara 70 ya bi shi kabari.

Ta biyu: ku san inda hannu ke tsayawa

Kamun kifi halal ne, sana'a ce mai daraja. Ɓarna ita ce zuba gamalin ko wani maganin ƙwari a ruwa, da jan taru mai ƙananan ido ko gidan sauro, wanda ke kwashe har 'ya'yan kifin da ba su kai yatsa ba. Mai yin haka daidai yake da manomin da ya daka irin shukarsa ya yi tuwon dare. Gubar kuma ba ta tsaya kan kifi ba, cikin mutanen da suka saya take ƙarewa.

Kakanninku sun san dokar hutar da ruwa tun kafin a kafa ma'aikatar kifi. Ku dubi Argungu. Bikin kamun kifin da ya samo asali a 1934, wanda UNESCO ta amince da shi cikin al'adun gado na duniya a 2016, ya dogara ne kan abu ɗaya: ana hana su a Matan Fada har ranar biki, ranar kuma da homa da gora ake shiga. Ba don wannan hani ba, da babu ƙaton giwan ruwan da ake ɗagawa a nuna wa duniya. Kowane gari na bakin Kwara zai iya ware gurbi ɗaya ya hutar da shi, in sarkin ruwa da hakimi da matasa sun haɗa baki.

Haka abin yake a tudu. Kada ku kwashe ƙwan tsuntsu a kan yashi don wasa, kada ku harbi abin da ba za ku ci ba, kada ku cinna wa daji wuta don ɓera ko zomo. Addini ya hana a mai da mai rai abin gwajin harbi, ya hana azabtar da dabba. Madobiya da madaci da kanya da ke bakin ruwa, saiwarsu ce ke riƙe gaɓa. Kun ga abin da ambaliyar 2020 ta yi wa shinkafar Kebbi, kun san gaɓar da aka sare wa itace ita ke fara zaftarewa. Leda da robar ruwa kuwa, wanda ya je da su bakin kogi ya dawo da su gida.

Ta uku: ku ji tsoron ruwa

A watan Mayu 2021 wani jirgin ruwa da aka yi wa lodi fiye da kima ya nutse kusa da Wara a ƙaramar hukumar Ngaski, mutane da dama suka rasu, yawancinsu masu neman abinci ne. Ba shi ne na farko ba, ba kuma shi ne na ƙarshe ba. Kada ku shiga jirgin da bakinsa ya kusa taɓa ruwa don lodi, ko da shi ne na ƙarshe a ranar. Kada ku yi tafiyar dare, kada ku tashi idan hadari ya haɗu. Rigar ceto ba alamar tsoro ba ce, ku saka ta ko da abokai za su yi dariya. Ku koyi iyo a wurin wanda ya iya, a wuri marar zurfi, maza a wajen maza, mata a wajen mata.

Yashin kogi yana da yaudara: taki biyu ruwa iya gwiwa, na uku ya shanye mutum. Ku tambayi ɗan gari kafin ku sa ƙafa. Inda aka san akwai dorina, a bi gefe, a riƙa ƙwanƙwasa jikin jirgi don ta san da zuwan mutane, kada a shiga tsakaninta da ɗanta, a tudu kuma kada a tsaya tsakaninta da ruwa, don da duk nauyin nan nata ta fi mutum gudu. Kwantaccen ruwa mai katantanwa shi ke kawo tsargiya. Wanda ya ga jini a fitsari ya tafi asibiti, akwai magani, kada a ce masa alamar balaga ce.

Ta huɗu: iyaka da tsaro

Iyakar da ke kusa da ku, Ingila da Faransa ne suka shata ta a yarjejeniyar 1898, suka raba dangi gida biyu. Kun saba ƙetarawa biki da kasuwa, amma tafiyar buɗe ido daban ce. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan Najeriya damar shiga Benin har kwana 90 ba biza, amma da takardar tafiya ta gaskiya da katin rigakafin shawara, kuma ta ƙofar hukuma. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Game da gandun W da Penjari, gaskiya ita ce yanzu ba lokacin zuwa ba ne. A watan Mayu 2019 an sace Faransawa biyu a Penjari, aka kashe ɗan jagoransu ɗan Benin. A Fabrairu 2022 nakiyoyin da aka binne a hanya sun kashe ma'aikatan gandun W. 'Yan bindiga sun mai da dajin maɓoya. Irin wannan ta faru a Kure ta Nijar, inda raƙuman dawa suka ragu zuwa 49 a 1996, manoma da 'yan jagora suka kiyaye su har suka haura 600, baƙi suka riƙa zuwa daga Yamai, kuɗi na shiga ƙauyuka. Harin da aka kai can a Agusta 2020 ya kashe mutum 8, har da shugaban 'yan jagoran, kasuwar ta mutu. Don haka duk wanda ya zo muku da tayin kuɗi ku kai man fetur ko abinci cikin daji, ko ku yi masa jagora, ku sani abincin gobenku yake saye da arha, ku gaya wa manya.

Ta biyar: ku mai da sani sana'a

A Sabuwar Busa akwai Kwalejin Tarayya ta Kula da Namun Daji, akwai cibiyar bincike ta ƙasa kan kifin ruwan daɗi, ga gandun dajin Kainji da aka kafa a 1979. A Jos akwai cibiyar nazarin tsuntsaye ta A. P. Leventis, wadda ke horar da matasa daga ƙasashen Afirka ta Yamma. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato tana koyar da ilimin gandun daji da na kifi. Yaron da ya tashi ya san kogi da ƙafarsa, ya ƙara da karatu, ya fi wanda ya san shi a littafi kaɗai. Ku 'yan mata, wannan fage naku ne ku ma: binciken ruwa, kiwon kifi, gyaran banda ta yadda ba za ta ci itace da yawa ba, koyar da yara a makaranta. Ku kuma da kuke jin Faransanci saboda zama kusa da Benin, kada ku raina shi, shi ake ji a Madagaska da Morishus da rabin Afirka ta Yamma.

Zaman lafiya zai dawo da yardar Allah. Ranar da ya dawo, masu zuwa bikin Argungu da bikin Rigata na Yawuri za su nemi wanda zai kai su gungu, ya nuna musu tsuntsu ya faɗi sunansa, ya san inda dorina take ya kauce mata, ya dawo da su lafiya. Wanda ya shirya tun yau shi zai ci wannan kasuwa.

Idan kuma Allah ya kai ku tsibirin teku

Ku je da ladabin baƙo. Ku ɗauki ɗan jagora na gari ku biya shi haƙƙinsa ba tare da ƙwara ba. Kada ku ba dabbar daji abinci, kada ku taɓa ta don hoto, kada ku taka murjani, kada ku sayi abin ado na ƙoƙon kunkuru ko hauren giwa, don ciniki irin wannan haramun ne a dokar ƙasa da ƙasa, yana kai mutum kurkuku. Teku na da igiyar da ke jan mutum ciki ko da ya iya iyon kogi, saboda haka ku yi wanka inda aka ce a yi. Zanzibar garin Musulmi ne, ku kiyaye sutura da sallah kamar kuna gida. Sannan ku yi tambaya: wa ke gadin wurin nan, nawa ake biya a ƙofa, ina kuɗin ke zuwa, me aka hana masunta, me aka ba su a madadinsa? Amsoshin nan su ne tsarabar da za ta amfani Bagudo.

Ƙannena, ba sai kun jira fasfo ba. A ranin bana ku haɗu ku biyar ko goma, ku nemi izinin iyaye, ku je wurin sarkin ruwa mafi kusa da ku, ku roƙe shi ya haɗa ku da matuƙi mai hankali, ku ƙetara gungu da rana tsaka da rigar ceto a jiki da littafi a hannu. Ku rubuta abin da kuka gani, ku kwaso ledar da kuka tarar, ku dawo ku gaya wa ƙannenku. Allah ya tsare ku a ruwa da tudu, ya sa ku bar wa na bayanku kogi mai rai.